Matasa da Majalisa: Makullin Ƙofar Yana Hannun Jam'iyya

A watan Yulin 2025 gwamnatin jam'iyyar Labour a Birtaniya ta ba da sanarwar cewa kafin babban zaɓe mai zuwa za a sauke shekarun jefa ƙuri'a daga 18 zuwa 16. Yara kimanin miliyan ɗaya da rabi ne abin zai shafa. Hujjar Firaminista Keir Starmer ita ce, wanda ya isa ya kama aiki har a cire masa haraji, ya isa a ji ta bakinsa kan yadda za a kashe kuɗin. 'Yan adawa na Conservative suka ce ina hankali a nan, yaron da doka ta hana a sayar masa da sigari, ta kuma hana shi tsayawa takara, shi ne za a miƙa wa takardar ƙuri'a?

Ina bayan wannan mataki ɗari bisa ɗari. Sai dai ina tsoron kada murnar ta rufe wa mutane ido daga inda matsalar take. A tsarin firaminista, mai zaɓe ba ya zaɓen shugaban gwamnati da hannunsa. Ɗan majalisa yake zaɓa, daga cikin mutanen da jam'iyyu suka riga suka tace suka ajiye masa, sannan jam'iyyar da ta fi kujeru ta fito da firaminista daga cikinta. Saboda haka duk mai son sanin ko matasa na da murya a irin wannan tsari, kada ya tsaya a bakin rumfar zaɓe. Ya leƙa ɗakin da ake raba tikitin takara ya ga su waye a zaune.

Kafin mu kai can, a ba ƙuri'ar 'yan shekara 16 haƙƙinta, domin an gwada an gani. Ostiriya ta fara tun 2007. A Sikotland kuwa, ranar 18 ga Satumba 2014 da aka yi ƙuri'ar raba gardama kan ɓallewa daga Birtaniya, an bar 'yan 16 da 17 sun shiga. Binciken da hukumar zaɓen ƙasar ta yi bayan nan ya nuna kusan kashi 75 cikin 100 na waɗannan yara sun fito, alhali yayyensu 'yan 18 zuwa 24 kashi 54 ne. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ɗan shekara 16 yana gidan iyayensa, yana zuwa makaranta, malami ya yi masa bayanin zaɓe a aji, ranar zaɓe kuma ya bi uwarsa ko ubansa zuwa rumfa. Ɗan shekara 19 ya bar gida, yana haya a wani gari, ƙila ma sunansa bai shiga rajistar sabuwar mazaɓarsa ba. Wanda ya fara zaɓe da wuri yakan ɗore. Shi ya sa Sikotland ta mayar da abin doka a zaɓen majalisarta daga 2016, Wales ma ta bi sahu a 2021.

Me ya sa fitowar ke da muhimmanci haka? Domin ɗan siyasa lissafi yake yi, a Landan ne ko a Kano. A zaɓen 2024, ƙiyasi ya nuna waɗanda suka fito cikin 'yan 18 zuwa 24 ba su kai rabi ba, su kuwa waɗanda suka haura 65 kusan bakwai cikin goma sun fito. Wanda ke son ganin abin da wannan giɓi ke haifarwa ya koma shekarar 2010.

Kafin zaɓen wannan shekara, 'yan takarar jam'iyyar Liberal Democrats, har da shugabansu Nick Clegg, sun sa hannu a takardar alƙawari da ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa cewa duk ranar da aka kawo ƙarin kuɗin jami'a za su ƙi amincewa. Akwai hotunansu riƙe da takardar suna murmushi. Ɗalibai suka yi musu ruwan ƙuri'u a garuruwan da ke da jami'o'i. Da aka ƙirga, babu jam'iyyar da ta samu rinjaye, sai Clegg ya shiga gwamnatin haɗin gwiwa da David Cameron ya zama mataimakin firaminista. Wata bakwai kacal bayan haka, ranar 9 ga Disamba, majalisa ta ɗaga iyakar kuɗin jami'a a Ingila daga fam 3,290 zuwa fam 9,000 a shekara. Dubban ɗalibai na tsaye a waje cikin sanyi, 'yan sanda sun yi musu ƙawanya, ƙudurin ya wuce da ratar ƙuri'a 21. A daidai wannan lokaci aka soke ɗan tallafin da ake bai wa 'ya'yan talakawa 'yan 16 zuwa 19 don su ci gaba da karatu, wanda mafi yawansa fam 30 ne a mako, kuɗin mota da na abincin rana. Ita wannan gwamnati dai, wadda ke kukan babu kuɗi, ita ce ta kafa wa 'yan fansho tsari mai ƙulli uku: kowace shekara fansho zai tashi da gwargwadon hauhawar farashi, ko ƙarin albashi, ko kashi 2.5 cikin 100, duk wanda ya fi yawa. Har yau babu gwamnatin da ta yi ƙarfin halin soke wannan tsari. Ba na jin haushin tsoho don an kyautata masa, ya yi wa ƙasa aiki. Abin lura shi ne yadda aka zaɓi wanda za a yanka wa kaso da wanda za a ƙara wa.

Matasa sun rama. Clegg ya fito ya nemi afuwa a 2012, ba a saurare shi ba. A zaɓen 2015 kujerun jam'iyyarsa suka faɗo daga 57 zuwa 8, shi kansa ya rasa tasa kujerar ta Sheffield a 2017. Amma kuɗin jami'a bai sauko ba ko da fam ɗaya. Wannan shi ne iyakar ƙarfin ƙuri'a idan ita kaɗai ce a hannunka: za ka iya hukunta wanda ya ci amanarka bayan shekara biyar, ba za ka iya riƙe hannunsa ranar da yake sa hannu ba.

Akwai wani ɗan ƙaramin abu da ya fi dogon jawabi fito da hoton. Daga 2023 doka ta wajabta nuna shaida mai hoto kafin a jefa ƙuri'a a Ingila. A Landan akwai katin shiga mota da jirgin ƙasa da ake kira Oyster. Na 'yan shekara 60 zuwa sama yana cikin jerin shaidun da aka yarda da su. Na ɗalibai 'yan 18 zuwa sama, mai hoton mai shi kamar wancan, ba ya ciki. Gwamnati ta ce tantancewar da ake yi kafin a ba da na dattawa ta fi tsanani. Ko da gaskiya ne, da a ce akwai matasa ashirin ko talatin a kujerun masu rinjaye ranar da aka tsara jerin nan, da wani ya ɗaga hannu ya ce a gyara.

To, an yi wa matasan Birtaniya tasu majalisar. Tun farkon shekarun 2000 yara 'yan 11 zuwa 18 ke zaɓen wakilansu, kuma daga 2009 ana ba su zauren majalisar wakilai na kwana ɗaya a shekara, su zauna a kan korayen kujerun nan, kakakin majalisa ya jagoranci zaman. Duk wanda ya kalli muhawararsu zai ji daɗi, sukan fi manyan natsuwa da ladabin sauraro. Kuma sun daɗe suna fafutukar ƙuri'ar 'yan 16, suna da kaso a wannan nasara. Amma abin da suka zartar ba ya ɗaure kowa. Da yamma su hau jirgi su koma gida, ranar Litinin masu kujerun su dawo. A watan Maris na 2024 ma ƙungiyar da ke gudanar da shirin, wadda ta shekara sama da 70, ta rufe ƙofa saboda rashin kuɗi, sai da aka nemo wata ta karɓa. Makaranta ce mai kyau, ina kuma son a riƙe ta. Kuskuren shi ne a ɗauke ta a matsayin wakilci. Mu ma muna da irinta a Abuja tun zamanin marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, mun kuma san iya nisan da muryarta ke kaiwa.

Yanzu ga ɗakin tikiti. A takarda, hanyar a buɗe take. Tun 2006 ɗan shekara 18 na iya tsayawa takarar majalisar wakilai. Kuɗin ajiya fam 500 ne, a mayar maka in ka samu kashi 5 cikin 100 na ƙuri'u. Duk da haka shekaru da dama matsakaicin shekarun 'yan majalisar mai kujera 650 yana kai-komo ne a wajen 50, na majalisar dattawa ta Lords kuwa, wadda ba zaɓenta ake yi ba, wajen 70. Abin da ke jawo haka shi ne tsarin mazaɓa ɗaya kujera ɗaya. Jam'iyya mutum guda za ta tsayar, kuma 'yan jam'iyyar wannan mazaɓa ne, sau da yawa mutum ɗari biyu ko uku masu furfura, za su taru su zaɓe shi. In kujerar gado ce, wadda jam'iyya ba ta taɓa faɗuwa a cikinta ba, wa zai ba yaro? Sai a ba tsohon kansila, ko lauya, ko wanda ya shekara goma yana riƙe wa minista jaka. Shi kuwa matashi a tura shi inda aka san ba za a ci ba, a ce ya je ya koyi aiki. Ga kuma ɗawainiya: neman tikiti da yawon kamfe na cin watanni, wanda ke biyan haya da bashin karatu ba zai iya ajiye aikinsa ya bi gida-gida ba.

Dubi matasan da suka yi suna, za a ga yawancinsu ambaliya ce ta shigo da su. Mhairi Black tana da shekara 20, ba ta ma kammala jarrabawar digirinta a Jami'ar Glasgow ba, ta kayar da Douglas Alexander, jigon Labour, a 2015. Amma a wannan shekara jam'iyyarta ta SNP ta kwashe kujeru 56 cikin 59 na Sikotland. Sam Carling ya shiga a 2024 yana da shekara 22, a mazaɓar da Conservative ke riƙe da ita tun da aka ƙirƙire ta, da ratar ƙuri'a 39, a shekarar da Labour ta haura kujera 400. Ba na rage musu ƙoƙari. Ina cewa ne ƙasar da matashi ba ya shiga majalisarta sai an yi girgizar siyasa, ba ta gina masa hanya ba tukuna. Ko William Pitt Ƙarami da ake yawan kafa hujja da shi, wanda ya zama firaminista yana da shekara 24 a 1783, ɗan tsohon firaminista ne, kuma wani attajiri ne mai iko da mazaɓar Appleby ya ba shi kujerar farko. Ita kuwa Mhairi Black, a 2023 ta sanar da cewa ba za ta sake tsayawa ba, ta ce wurin aikin gurɓatacce ne, ya tsufa, yana kuma cutar da lafiyar mai zama cikinsa. Ta bar majalisa ba ta cika 30 ba.

Ikon 'yan jam'iyya bai tsaya kan tikiti ba. A 2022 da Boris Johnson ya sauka, ba a koma wa jama'a ba. 'Yan jam'iyyar Conservative masu kati, kimanin mutum 172,000, akasarinsu manya, su suka zaɓar wa ƙasa mai mutum miliyan 67 firaminista. Liz Truss ta hau da ƙuri'a 81,326, ta yi kwana 49, ta bar kasuwar bashin gidaje a hargitse. Masu fafutukar mallakar gidansu na farko suna cikin waɗanda suka ɗanɗana kuɗarsu, ba a kuwa tambaye su ba.

Ba kowace ƙasa mai tsarin firaminista ke haka ba, kuma a nan ne darasin yake. Ƙungiyar majalisun dokoki ta duniya ta ce 'yan ƙasa da shekara 30 ba su kai kashi 3 cikin 100 na 'yan majalisun duniya ba. A Norwe sun haura kashi 13. Ba don Norwe ta fi kowa son yara ba ne. Can jam'iyya jerin sunaye take fitarwa a kowane yanki, a raba kujeru gwargwadon ƙuri'un da kowa ya samu. Jam'iyyar da ke tsayar da mutum goma a tare ba ta jin tsoron sa matashi a na biyu ko na uku, kunya ma za ta ji in jerin nata duk furfura ne. Sannan rassan matasa na jam'iyyun can ƙungiyoyi ne na gaske, masu shugabanni da asusu da manufofinsu, sukan ja da uwar jam'iyya a babban taro su kuma yi nasara. Mutum 69 da wani ɗan ta'adda ya kashe a tsibirin Utoya ranar 22 ga Yuli 2011, taron bazara na matasan jam'iyyar Labour ta ƙasar suke halarta. Bayan shekara goma, biyu daga cikin waɗanda suka tsira, Tonje Brenna da Jan Christian Vestre, suka zama ministoci.

Niyu Zilan ta gaji tsarin Birtaniya, amma a 1996 ta haɗa shi da jerin jam'iyya. Ta wannan ƙofa Chlöe Swarbrick ta shiga a 2017 tana da shekara 23, a 2020 ta ci mazaɓar tsakiyar Auckland da ƙarfinta, a 2024 ta zama ɗaya daga shugabannin jam'iyyarta biyu. Ranar da ake muhawarar dokar sauyin yanayi a 2019 ta tuna wa abokan aikinta cewa a 2050, shekarar da dokar ta sa a gaba, ita tana da 56, alhali matsakaicin shekarun masu sauraronta a lokacin 49 ne. Hujjar wakilcin matasa ke nan a taƙaice. Ana yanke hukuncin da wasu za su rayu da shi shekara hamsin, wasu shekara goma.

Na san abin da dattawanmu za su ce: abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Akwai gaskiya a ciki, kuma ƙuruciya ba shaidar kirki ba ce. Sebastian Kurz ya zama shugaban gwamnatin Ostiriya yana da shekara 31, ya sauka a 2021 ana bincikensa kan zargin almundahana. Matashin da ubangida ya ɗora kuwa, bakin ubangidan zai riƙa ari, balle a tsarin da mai tsawatarwa na jam'iyya ke gaya wa kowa inda zai jefa ƙuri'arsa. Amma ba wanda ya ce a kori dattawa. Abin da ake cewa shi ne, akwai abin da babba ba ya hangowa don ya daɗe da wuce wurin. Wanda ya yi jami'a kyauta, ya sayi gida lokacin da yake da araha, zai iya tausaya wa mai bashin fam dubu arba'in, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

In kuwa aka toshe ƙofar gaba ɗaya, Nepal ta nuna inda ake kwana. Shekara da shekaru mutum uku, Oli da Deuba da Prachanda, suka yi ta karɓa-karɓar kujerar firaminista, kowannensu riƙe da jam'iyyarsa kamar gonar gado, dukkansu sun kai 70. A Satumban 2025 gwamnati ta rufe kafofin sada zumunta 26, matasa suka fito, aka harbe aƙalla 19 a rana ɗaya. Washegari Oli, wanda ke kan kujerar, ya sauka, ginin majalisa na ci da wuta. Rayuka sama da 70 suka salwanta. Babu mai hankalin da zai yi wa ƙasarsa fatan haka.

Ina ruwanmu da duk wannan? Da ruwanmu, domin a watan Fabrairun 2024 'yan majalisar wakilan Nijeriya 60, cikinsu har da Abdussamad Dasuki na Sakkwato, sun gabatar da ƙudurin komawa tsarin firaminista nan da 2031, da hujjar rage tsadar mulki. Masu goyon baya kan tuna mana shekarun gab da Jamhuriya ta Farko, lokacin da Shehu Shagari ya shiga majalisar tarayya da ke Legas a 1954 yana da shekara 29, Maitama Sule ya zama minista a 1959 yana da 30. Haka aka yi. Amma ba tsarin ne ya buɗe musu ƙofa ba. Masu ilimin boko ne suka yi ƙaranci a Arewa, manya na buƙatar su, suka jawo su. Yau masu digiri sun yi yawa har ana rasa aikin ba su, babu mai neman su sai ranar gangami.

Mun riga mun gwada gyaran shekaru. Ranar 31 ga Mayu 2018 marigayi Muhammadu Buhari ya sa hannu aka sauke shekarun takarar majalisar wakilai da ta jiha daga 30 zuwa 25, na shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35. A rajistar zaɓen 2023, cikin mutum miliyan 93.4, kusan kashi 40 cikin 100 'yan 18 zuwa 34 ne. To amma fom ɗin takarar majalisar wakilai a APC a 2022 naira miliyan 10 ne, lokacin mafi ƙarancin albashi naira 30,000. Mai wannan albashi sai ya yi kusan shekara 28 bai ci bai sha ba kafin ya tara kuɗin takarda, ko da rangwamen rabi da aka yi wa matasa, shekara 13 ne da ɗoriya. Bayan fom ga deliget, kowa da farashinsa, bayan deliget ga gwamna da jerin sunayensa a aljihu. Takarar indifenda kuwa babu ita a dokarmu. A Birtaniya aƙalla akwai wannan mafita: a 2024 wata matashiya 'yar shekara 23, Leanne Mohamad, ba tare da jam'iyya ba, ƙuri'a 528 ce ta raba ta da kayar da Wes Streeting, wanda washegari ya zama ministan lafiya.

A tsarin da muke kai yanzu, ko ba komai, matashin Fagge ko na Tudun Wada na da ƙuri'a kai tsaye a zaɓen gwamna da na shugaban ƙasa. A tsarin firaminista wannan ma za ta koma hannun 'yan majalisa, wato hannun waɗanda suka raba musu tikiti. In aka ɗora shi a kan jam'iyyun da muke da su yau, gwamnoni da iyayen gida ne za su ƙara ƙarfi.

Don haka kirana ga masu wannan ƙuduri shi ne su haɗa shi da abin da zai ba shi ma'ana: doka ta ƙayyade kuɗin fom, a halatta takarar indifenda, a ware wani kaso na kujeru da za a raba ta jerin jam'iyya tare da sharaɗin sa 'yan ƙasa da 35 a sahun gaba. Ku kuwa matasa, ku yanki katin jam'iyya, ku halarci taron mazaɓa, ku nemi kujerar sakatare da ta ma'aji da ta deliget, kada ku tsaya a ta shugaban matasa da aka saba jefa muku. In ƙudurin ya zo sauraron ra'ayin jama'a babu waɗannan gyare-gyare a cikinsa, ku je ku ce ba ku yarda ba.